Manta-Uwan Goggo Zubaidatu

Unguwar Yara, Keffi,
12 ga Oktoba, 1975.

Zuwa ga 'yata Huraira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Kano ta karɓe ki hannu bibbiyu, karatun ungozoma kuma yana shiga kai. Mu nan mun yi Sallah lafiya, sai gwiwar nan tawa da ba ta gajiya da ƙorafi. Mijinki Husaini ya aiko daga Ikko, ya ce lafiyarsa lau, aiki ne dai ya sha masa kai.

To, na san abin da idonki yake nema a takardar nan, ko da yake bakinki ba zai tambaya ba. 'Yar fari ce, kunya ta hana ki ko kama sunanta. Ni ba ruwana, Salamatu tana nan garau. Ranar da kika kawo mini ita yaye kin dire ta kamar wadda ta maido aron turmi, kika juya ko waiwaye babu. Tsofaffin gidan nan suka yi ta yaba kawaicinki. Ni kuwa ban yarda ba. Zumuncina da ubanki na kakanni ne, amma tun kina rarrafe na san ki, ba za ki yi mini ɓoyo ba. Tana ɗan kuka, amma ai yaye ke nan.

Ban manta dariyar da kika yi mini ba, wai Goggo ta rasa abin kiwo sai kauci. Ke, ba kauci ba ne! Kauci shan jinin itace yake yi. Waɗannan kuwa zama kawai suke yi a jikinsa, kamar baƙon da ya zo da guzurinsa. Marigayi maigidana Mijinyawa ne ya tara mini su lokacin yana aikin gandun daji, duk inda aka kayar da babban itace sai ya ɓamɓaro su ya kawo gida. Ya ce Turawan ofishinsu okid suke ce musu. Ba a binne su a ƙasa, saiwarsu iska take so. Wasu na ɗaure su da kaba a jikin guntun kaɗanya na rataye a bango, wasu na sa musu gawayi da ɓawon itace a tsohon kasko mai huji. Ruwa da safe kaɗai, na tulu wanda ya kwana, sannan a bar su su bushe. Rana kuma sai wadda ganyen mangwaro ya tace.

Babbansu shi ne manta-uwa, wanda ya ciro daga wata giginya da masu hanya suka kayar a Agwada. Shekarar da ya rasu na cika wa abin nan ruwa, don ban san inda zan kai hannuna ba, ya ruɓe saura kara ɗaya. Tun daga nan yake fushi da ni, ko fure ɗaya. Sai bana ga sabon tsiro ya taso, mai kauri kamar rake. In Allah ya yarda da sanyin nan zai yi fure, rawaya mai ɗigo-ɗigo irin na damisa. Wallahi ji nake kamar an yi mini albishir da baƙo.

Na cika ki da surutu. Ki riƙe karatu, ki riƙe salla.

Taki,
Goggo Zubaidatu.

Kano,
16 ga Nuwamba, 1975.

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Na durƙusa na gaishe ki, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya ƙalau, sai yawan aiki a ɗakin haihuwa. Takardarki ta iso, na gode.

Goggo, akwai wata 'yar ajinmu Caroline, mutuniyar Akwanga. Da za ta gida na roƙe ta ta biya ta Keffi ta kai miki sabulu. Ta dawo ta faɗa mini abin da ba ki faɗa mini ba. Ta ce mutuniyarki ta rame har wuyanta ya fito. Ta ce ba ta cin komai sai an yi da gaske, wai wuni take a bakin zaure tana leƙen hanya, duk macen da ta wuce da farin mayafi sai ta bi ta da kuka. Wannan ne ɗan kuka, Goggo?

Ban san yadda zan rubuta abin da ke tafe ba. Na yage takarda ta fi a ƙirga. Kin san abin da mutanenmu suke yi da manta-uwa. A yanki sabon tsiron da saiwarsa, a jiƙa, a dama kunu da ruwan a ba yaron da aka yaye, sai ya daina neman uwarsa. Haka aka yi wa ƙanena da Inna ta rasu. Ga shi a bangonki.

Na san abin da nake roƙo. Na san kara ɗaya ne, na san kuma wanda ya kawo shi. Sannan ga ni nan kullum ana koya mana mu hana mata ɗura wa yara jiƙe-jiƙe, ni ce ma nake ɗaga hannu a aji. Da Sista mai koyar da mu za ta ga takardar nan da ban san inda zan sa fuskata ba. Amma ba na iya karatu, sai in buɗe littafi in ga bakin zaurenki. Gara ta manta ta ci abinci.

Don Allah kada kowa ya ji, har shi na Ikko. Kada a ce wance ta kasa daurewa a kan 'yar fari.

'Yarki,
Huraira.

Keffi,
20 ga Disamba, 1975.

Zuwa ga Huraira,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Duk muna lafiya.

An yi abin da kika ce. Ta daina kuka. Tana cin tuwo, tana shan nonon da Hapsatu take kawowa daga ruga, kumatu sun fara dawowa. Yanzu ko kallon ƙofa ba ta yi. Ki kwantar da hankalinki ki yi karatunki.

Ba wanda ya ji.

Goggonki.

Kano,
11 ga Janairu, 1976.

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan sanyin bana bai taɓa gwiwa ba. Ni lafiya.

Allah ya saka miki da alheri, ya ji ƙan Baba Mijinyawa. Na ci jarrabawar farko, kuma ke kika ci mini ita. Amma Goggo, tun da nake ban taɓa ganin takardarki ta ƙare ba a cika shafi ba. Ko kalma ɗaya ba ki yi a kan shuke-shukenki ba. Na gane. Na sa kin yanke abin da kika daɗe kina jira, kuma kin fi ƙarfin ki yi mini gori. Na ji kunya ƙwarai. Ki yafe mini.

Wurin da kika ce ko kallon ƙofa ba ta yi, na karanta shi ya fi sau nawa. Ai abin da na roƙa ke nan, ko ba haka ba? Alhamdulillahi.

Za a ba mu hutu lokacin Ista, ina nan tafe in Allah ya so.

'Yarki,
Huraira.

Kano,
2 ga Mayu, 1976.

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, motar ta lalace mana a hanyar Kaduna amma Allah ya kiyaye. Na gode da ɗawainiya, da man ja da doyar da kika haɗo ni da su. A gaishe da mutanen gida.

A gabanki ban iya magana ba, don haka zan yi ta a nan. Kin dai ga abin da ya faru. Na shigo, maza suna zaure suna ta musun sabon babban birnin da aka ce za a gina a maƙwabtanmu, mata sun cika tsakar gida suna yi mini maraba. Ta fito daga ɗakinki da ɗan kwanonta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta koma bayanki ta kama zanenki ta ce, "Inna, baƙuwa." Kowa ya fashe da dariya. Ni ma na yi dariya, Goggo. Har na ce, "Ai gara haka, wa yake son ta?" Tsofaffi suka ce madalla da 'ya mai kunya.

Kwanakin da na yi, kin yi ta turo ta ta kawo mini ruwa, kin yi ta fita ki bar mu mu biyu, duk ina lura. In na miƙa hannu sai ta noƙe kafaɗa. Ranar da na ɗauke ta da ƙarfi ta ƙwalla ƙara har maƙwabta suka leƙo, na sauke ta da sauri kamar na yi sata. 'Yar tsanar da na sayo mata a Kantin Kwari ta karɓa, ta kai miki, ke ta yi wa godiya.

Na kuma ga gurbin manta-uwa a bango, ƙusa kawai da alamar inda itacen yake. Ban iya tambaya ba. Na kashe miki shuka, na kashe wa kaina 'ya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ban ga laifin kowa ba sai nawa.

Amma duk abin da aka ƙulla ai yana da makari. Na cire farin kayan makaranta na yi lulluɓi na shiga kasuwar Kurmi kamar mai sayen kayan yaji, ina addu'ar kada in haɗu da wanda ya san ni. Wani mai magani ya ce ya san kan abin. Ya ba ni ƙullin wani gari, ya ce a zuba a kunu safe da yamma har ya ƙare, a riƙa ambaton sunana. Ban san me ke ciki ba, bai faɗa ba. Caroline za ta kawo miki shi ƙarshen wata, na ce mata kimba ce. Don girman Allah ki ba ta. Ke kika ba ta na farko, ke za ki ba ta wannan.

'Yarki,
Huraira.

Kano,
20 ga Yuni, 1976.

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru.

Caroline ta ce ta damƙa miki ƙullin hannu da hannu, kin karɓa kin shige ɗaki. Ta ce ta ga yarinyar goye a bayanki. Tun daga nan kullum sai na je wurin mai raba wasiƙu, har ya fara yi mini ba'a.

Zan faɗi abin da ke raina, in na yi rashin kunya ki yafe. Da na ce a mantar da ita, ba ki ɓata lokaci ba. Da na ce a tuna mata, kin yi shiru. Allah bai ba ki haihuwa ba, ga shi kin samu mai ce miki Inna. In so kike ki riƙe ta, ki fito fili ki gaya mini. Aro na ba ki, ba kyauta ba.

Huraira.

Unguwar Yara, Keffi,
4 ga Yuli, 1976.

Zuwa ga 'yata Huraira,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, damina ta zauna sosai. Salamatu lafiyarta ƙalau, ta yi ɗan mura ta warke.

Maganarki ta ƙarshe ta soke ni, amma ban yi fushi ba, ni na jawo. Ba ƙeta ce ta hana ni rubutu ba, kunya ce. Ni da na koya wa matan unguwar nan rubutu a ajin yaƙi da jahilci, sai ga shi in na ɗauki alƙalami ya fi taɓarya nauyi.

Ƙullinki yana nan ban kwance ba, kuma ba zan ba ta ba. Ba zan ɗura wa 'yar mutane garin da ban san asalinsa ba don maganin cutar da ba ta da ita. Huraira, ban ba ta manta-uwa ba. Ko ɗigo bai shiga bakinta ba.

Ranar da takardarki ta farko ta zo na wasa wuƙa na nufi bango da niyyata. Ina ɗaga ganyen sai na ga ya fito da zangarniya a kan sabon karan, 'yar mitsitsiya, ga 'yan ƙulle-ƙullen fure a jere. Na tsaya da wuƙa a hannu kamar gunki. Na ce bari gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Ga 'yarki tana kuka a bakin zaure, ga ni ina tausayin ciyawa. Kaico, tsufa bai hana ni son zuciya ba.

Da laifin ya dame ni sai na ce to, abin da na hana ta zan biya ta da jikina. Na ɗauke ta na goya, da gwiwar da komai. Da ita nake shara, da ita nake zuwa rijiya, da ita nake ba shukokin ruwa, har na samo mata ɗan ludayi nata. Tuwo sai a cinyata, loma ɗaya tawa ɗaya tata. Ban ankara ba kuka ya ɗauke. Da na ga haka sai shaiɗan ya ce mini, to ai buƙata ta biya, wa zai sani? Na rubuta miki an yi.

Ya yi furen kuwa. Tubarkalla, ban taɓa ganin ya yi kamar na bana ba, har ƙasa zangarniyar ta sunkuyo, tsakar gida duk ƙamshi. Amma ban ji daɗinsa ba ko na rana ɗaya. Ana cikin haka takardarki ta zo kina neman gafarata a kan na yanke shi. Na karanta ta a ƙarƙashinsa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da kika ce kina tafe sai na rasa yadda zan yi da shi. Na cire shi na sa wa Hapsatu a ƙwaryar nono ta kai mini rugarsu ta wajen Gitata, na ce ajiya. Baiwar Allah ta ga saiwa a waje ta tausaya masa, ta haƙa rami ta binne shi da kashin shanu, tana ba shi ruwa safe da yamma. Da ta dawo mini da shi ya yi baƙi ya yi laushi, sai wari. Saura ido ɗaya kore a gindi, ban san ko zai tashi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shi na gani da furfurata.

Batun Inna kuma, ba zan ƙara miki wata ƙaryar ba. Ranar da ta fara faɗa na shiga ɗaki na yi kuka don daɗi, kuma ban gyara mata ba. Ya kamata in riƙa nuna mata hotonki, in riƙa kiran sunanki a kunnenta. Ban yi ba. Amma ban taɓa nufin raba ki da ita ba, Allah shi ne shaida. Taki ce, duk ranar da kika ce a kawo, da ƙafata zan kawo ta.

Na san wannan takarda ta fi waccan ɗaci, don na ƙwace miki makari ban ba ki komai a madadinsa ba. Ba a yi mata komai ba, 'yata. Yaro ne kawai, gadon bayan da ya goya shi, shi ya sani.

Ki yafe mini in za ki iya.

Goggonki mai jin kunyarki,
Zubaidatu.

Kano,
25 ga Yuli, 1976.

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Na durƙusa har ƙasa. Ina fata murar ba ta dawo ba, ke ma gwiwa da sauƙi. Ni ga ni nan dai.

Na farko, maganar haihuwa da na yi miki. Bakina ya yi kaifin da ba a yi mini tarbiyya da shi ba. Ba ni da fuskar da zan dube ki. Ki yafe mini, ni na yafe miki duniya da lahira. Ƙullin nan ki jefa shi a masai.

Da na gama karanta takardarki na yi fushi, na yi kuka. Kin san me na ce a raina? Da ma kin ba ta. Wallahi Goggo da ma kin ba ta. Da ina da abin da zan ɗora wa laifi, da na ce asiri ne ya shiga tsakaninmu. Ashe ba kowa tsakaninmu sai hanyar Keffi zuwa Kano, kuma ni na hau motar. Na zo har gida ta ce baƙuwa, na buɗe baki a gabanta na ce wa yake son ta, don tsofaffi su yaba.

Kada ki kawo ta, ba a barin yara a makaranta, kuma ba zan sake yaye ta karo na biyu ba. Dogon hutu ya kusa, a wurinki zan yi shi duka, har azumi. Na rubuta wa na Ikko kada ya sa ran ganina. Ki tanadar mini zanen goyo mai ƙarfi. Zan goya ta in fita da ita har kasuwa in ta yarda, masu cewa ba ni da kunya su faɗa, sun daɗe ba su faɗa ba.

Sai dai kafin in zo ina da roƙo ɗaya, wannan karon ba na jiƙawa ba ne. Ki zauna ki rubuto mini dalla-dalla. Me take so a ci, me take ƙi? Me take tsoro? Wace waƙa kike yi mata? In ta yi fushi ta yaya ake shawo kanta? Kada ki tsallake komai don kina ganin ƙarami ne, ko kina tsammanin uwa ai ta sani.

Ban san ko ɗaya ba, Goggo.

'Yarki,
Huraira.